Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmomin Walda da Kiyaye Lafiya a Shagon Aiki

Duk wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa ko Dakata da hantsi ya san ƙarar giranda da walƙiyar walda, domin da wuya a yi tafiya mai nisa a cikin birnin Kano ba a ga inda ake haɗa ƙofa, ko taga, ko ƙafar tankin ruwa a bakin titi ba. Sana'ar tana ciyar da gidaje masu yawa, amma galibin masu yin ta sun koye ta ne da ido da hannu a gaban maigida, ba tare da an taɓa zaunar da su an bayyana musu dalilin abin da suke yi ba. Na tattara waɗannan tambayoyi daga abin da yaran shago da iyayensu da masu kawo aiki suka fi yi mini, kuma da gangan na haɗa bayanin kalmomi da maganar kiyaye lafiya wuri ɗaya, saboda wanda ya fahimci abin da ke faruwa a bakin tsinkensa shi ne yake hango haɗari tun kafin ya auku.

Mece ce walda, kuma me ya raba ta da ƙira da liƙin tagulla?

Walda ita ce haɗa ƙarfe biyu ta hanyar narkar da gefunansu har su gauraya, su zama abu ɗaya idan sun huce. Ƙarfen da muke aiki da shi kullum, wato na rodi da angul da fayif, yana narkewa ne a wajen digiri 1,500 na ma'aunin Salshiyas, wutar da ke tashi a bakin tsinken walda kuwa ta ninka wannan zafi fiye da sau biyu. Maƙerin gargajiya ba ya narkar da ƙarfensa; da gawayi da zugazugi yake gasa shi har ya yi laushi, sannan ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya doke shi da masaba. A liƙin tagulla ko na dalma, irin wanda masu gyaran lagireto suke yi, ƙarfen da ake haɗawa yana nan yadda yake, tagullar ko dalmar ce kawai take narkewa ta shiga tsakani ta riƙe.

Waɗanne nau'o'in walda ake samu a Kano?

Wadda ta fi yawa ita ce ta lantarki da ake yi da tsinke, kuma da ita ake haɗa ƙofofi da tagogi da rumfuna. Sai waldar gas, wadda masu gyaran jikin mota da salansa suka fi riƙewa, inda ake haɗa iskar oksijin da iskar kabait a kunna su a bakin tocila. Akwai kuma wadda ake kira waldar agon, da ake yi wa alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa. Tsinkenta na wani ƙarfe ne mai jure zafi da ake kira tungistin, kuma ba ya narkewa, iskar agon ce take lulluɓe wurin don kada iskar waje ta ɓata haɗin. Ta huɗu ita ce MIG, wadda inji yake turo waya daga nadi ba tare da yankewa ba, kuma an fi ganin ta a masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Chalawa.

Me lambobin da ke jikin tsinken walda suke nufi?

Tsinke sandar ƙarfe ce da aka lulluɓe da wani busasshen ƙulli. Wannan lulluɓi shi ne sirrinsa, domin idan ya ƙone yana fitar da iskar da take kare narkakken ƙarfe, sannan ya bar ɓawo a saman haɗin har ya huce. Wani injiniya ɗan ƙasar Siwidin mai suna Oscar Kjellberg ne ya fito da tsinke mai lulluɓi a wajen shekarar 1907, kafin nan da waya tsirara ake yi, haɗin kuma yakan fito da rauni.

Lambar da aka fi gani a kasuwa ita ce E6013, bisa tsarin ƙungiyar masana walda ta Amurka. Lambobi biyu na farko, wato 60, suna nuna cewa haɗin zai jure jan da ya kai fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i. Lamba 1 da ke biye tana nufin ana iya aiki da shi a kwance, da a tsaye, da kuma sama da kai. Ta ƙarshe tana bayyana irin lulluɓin da irin wutar da ta dace da shi. E7018 ya fi shi ƙarfi, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi a aikin da zai ɗauki nauyi, kamar ginshiƙin tanki babba ko gyaran tirela, amma yana da sharaɗi: ba ya son danshi ko kaɗan. Idan aka bar kwalinsa a buɗe da damina ya sha raɓa, haɗin yana iya tsagewa daga ciki bayan an gama aiki, alhali ido bai ga komai ba.

Shi kuwa geji kauri ne. Geji 12 ya yi daidai da milimita 2.5, geji 10 milimita 3.2, geji 8 kuma milimita 4, wato gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon kaurin tsinken.

Mene ne holda da at da amfiya?

Holda ita ce maƙamar da ake danƙe tsinke da ita. At kuwa ita ce waya ta biyu da ake maƙala wa ƙarfen da ake aiki a kai, domin wutar da ta fito ta holda ta sami hanyar komawa cikin inji. A nan ne ake yawan yin sakaci. Sau da yawa na ga an jera guntayen rodi da sarƙa da tsohon kwano a ƙasa an ce at ce, to duk inda guntu ya taɓa guntu zafi yana taruwa a wurin, tartsatsi yana tashi, kuma wutar tana iya bin wata hanyar da ba a yi tsammani ba. At ta gaskiya waya ce mai kauri da maɗamki mai ƙarfi, a maƙala ta kusa da inda ake haɗin, a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa. Idan a jikin mota ko adaidaita sahu za a yi aiki, a fara cire kan batir.

Amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne. Tsinke geji 12 yakan so tsakanin amfiya 60 zuwa 90, geji 10 kuma tsakanin 90 zuwa 130. Idan ta yi kaɗan tsinke zai riƙa liƙewa, idan ta yi yawa zai huda ƙarfen ko ya ci gefen haɗin.

A jikin sabon inji akwai inda aka rubuta kashi 60 cikin ɗari. Me ake nufi?

Ana nufin a cikin kowane minti 10, injin zai iya aiki na minti 6 a kan amfiyar da aka rubuta, sannan yana buƙatar hutun minti 4 don ya huce. Ƙananan injinan inbata da suka yawaita yanzu sun fi tsohuwar taransifoma sauƙin ɗauka da ƙarancin cin wuta, amma ƙurar Kano tana toshe musu fanka, saboda haka suna buƙatar a riƙa busa musu ita.

Mene ne tak, kuma don me ake kankare ɓawo?

Tak ɗan ɗigon walda ne da ake yi don a riƙe ƙarfe a mazauninsa kafin a bi shi da cikakken haɗi. Wasu sukan tsaya a kan tak, su cike sauran da bodi, wato ƙullin da ake toshe ramuka a jikin ƙarfe da shi, su shafa fenti, kuma wannan ha'inci ne da yake iya kashe mutum idan ƙafar tanki ce ko matakalar bene. Ɓawo shi ne baƙin busasshen abin da lulluɓin tsinke ya bari, ɗan'uwan abin da magabata suke kira kashin maƙera. Dole a kankare shi kafin a sake bin wurin, in ba haka ba zai maƙale a cikin haɗin ya raunana shi. Yana da zafi kuma yana tsalle idan aka doke shi, don haka ba a kankare shi da ido a buɗe.

Me ya sa ido yake ciwo da dare bayan an kalli walda, kuma me ya kamata a yi?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ita ce ta fi damuna, saboda kusan kowane yaron shago ya taɓa kwana yana kuka a kanta. Wutar walda tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana mai ƙuna, kuma yana ƙona fatar da ta rufe baƙin ido. Ba a jin komai a lokacin. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi an riga an kwanta, mutum ya farka yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye yana zuba, ko hasken fitila ba ya iya kallo.

Na tuna wani yaro da aka kawo mini bai fi sati biyu ba. Da asuba mahaifinsa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da hannunsa, yaron ya rufe fuska da hula, yana cewa: "Maigida, wallahi ban kalla ba, riƙe ƙarfen kawai na yi." Gaskiya ya faɗa. Ya riƙe mini angul ne ya kau da kai, amma hasken ya dako farin bangon da ke gefensa ya dawo masa. Laifin nawa ne da ban ba shi gilashi ba, kuma tun daga ranar ba na barin mai riƙe ƙarfe ya tsaya kusa da ni ido tsirara.

Yawanci ciwon yana lafawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A zauna a wuri mai duhu, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a sha maganin rage raɗaɗi, kada a murza. Kada a ɗiga ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko nonon mace, ko a rambaɗa kwalli, domin fatar idon a ƙuje take kuma ƙwayoyin cuta suna samun ƙofa. Maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take, wanda wasu suke saya su ajiye a aljihu, yana hana idon warkewa idan aka yawaita shi kuma yana iya jawo gyambo. Idan ciwon ya wuce kwana biyu, ko gani ya ragu, ko ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, a tafi wurin likitan ido, kamar a Asibitin Murtala ko asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari. Cire ɓarɓashi da tsinken ashana ko gefen takardar kuɗi ya lalata idanu da yawa.

Baƙin tabarau na kasuwa bai isa ba?

Bai isa ba. Gilashin walda yana da lambar duhu, kuma waldar tsinke tana buƙatar lamba 10 zuwa 13 gwargwadon yawan amfiya, alhali tabarau na rana bai kai ko kusa ba. Ban da haka, hasken yana ƙona fatar fuska da wuya kamar yadda yake ƙona ido, shi ya sa ake buƙatar garkuwar da ta rufe fuska gaba ɗaya. Dabarar rufe ido a lokacin tak ba ta kare kowa. Shagon da ke bakin titi kuma yana da haƙƙin masu wucewa a kansa, musamman yara da sukan tsaya kallo, don haka a kafa shinge ko da na tsohon kwano ne.

Da gaske ne madara tana wanke hayaƙin walda?

Ba gaskiya ba ne. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu yake shiga. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Akwai kuma zazzaɓin da ke biyo bayan waldar fayif mai rufin tutiya, wanda ake kira galbanayiz: farin hayaƙi yana tashi, bayan 'yan sa'o'i mutum ya ji sanyi da ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Maganin abin shi ne a goge rufin tutiya da fenti daga wurin haɗi kafin a fara, a yi aiki inda iska take ratsawa, a kau da kai daga hanyar hayaƙi, a kuma sa takunkumi mai matata na ainihi, domin ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare wannan ƙura.

Tun da wutar injin walda ba ta kai ta soket ba, tana iya kisa?

Tana iya. Ko ba a walda, muddin inji yana kunne akwai wajen bolt 50 zuwa 80 tsakanin holda da at. A busasshen hannu mai safa wannan ba ya yin komai, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 kuma riga ta jiƙe sharkaf da gumi, ko a watan Agusta da ƙasa take a jiƙe, jiki yana zama hanya mai sauƙi ga wuta. An fi samun haɗarin a lokacin canza tsinke da hannu tsirara, ko maƙale holda a hammata, ko zama a kan ƙarfen da ake haɗawa. Injinan haɗin gida da wayoyinsu suke a fili, da igiyoyin da aka ɗaure da leda, da saƙala waya kai tsaye a layin KEDCO, duk suna ninka haɗarin. Idan wuta ta ja wani, a kashe ta daga tushe kafin a taɓa shi, in ba hali a ture shi da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Mene ne haɗarin kabait da tukunyar oksijin?

Idan kabait ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar asitilin, mai wari kamar tafarnuwa, wadda idan ta haɗu da oksijin harshenta yake kaiwa kusan digiri 3,200. Iska ce marar haƙuri, tana iya fashewa idan matsinta ya yi yawa, don haka ba a wuce fam 15 a agogon regileta, kuma ba a yi mata mahaɗi da bututun jan ƙarfe zalla. Oksijin ba ta ci da kanta, amma tana sa komai ya ci da ƙarfi, har mai da giris suna iya kamawa da kansu idan suka haɗu da ita, shi ya sa ba a shafa wa regileta mai, ba a taɓa ta da hannu mai baƙin mai, ba a kuma kaɗe ƙurar riga da ita. Tukwane su kasance a tsaye, a ɗaure, a inuwa. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa don ta tare wuta idan ta juyo ta cikin tiyo.

Tankin mota ko duro ya bushe, me zai hana a yi masa walda?

Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ne yake fashewa, kuma ɗan abin da ya maƙale a saƙo da tsatsa ya isa ya cika tankin da tururi da zarar ya ji zafi. Lokacin da nake koyon aiki, wani mutum ya kawo duro a raba masa biyu don ya riƙa ba dabbobinsa ruwa, ya rantse cewa ya shekara a bayan gida babu komai a ciki. Babban yaron shagonmu ya jijjiga shi, bai ji motsi ba, ya ɗora giranda. Ƙarar da ta biyo baya har yau tana kunnena. Gindin duron ya ɓalle ya daki bango, shi kuma ya ƙone a hannu da fuska, ya yi watanni bai riƙe holda ba. Daga baya aka gane sinadarin tsinka fenti aka taɓa zubawa a ciki.

Ka'idata ita ce duk mazubin da ban san abin da ya taɓa ɗauka ba, ba na kusantar sa da wuta. Wanda na sani kuwa sai an buɗe duk murafensa, an wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, an cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi aiki, an bar wa tururi hanyar fita. Tankar man fetur aikin ƙwararru ne masu na'urar gwada iska. Shiga cikin tanki don walda kuma wani haɗarin ne daban, saboda iskar numfashi tana iya ƙarewa ba tare da mutum ya ankara ba, don haka ba a shiga sai da iska mai shigowa da mutum tsaye a waje.

Me ya sa ake hana cire murfin giranda?

Ƙaramin faifai yana juyawa fiye da sau dubu 10 a minti ɗaya, idan ya tarwatse kuwa murfin ne kaɗai ke tsakaninsa da fuskar mai aiki. Kowane faifai an rubuta masa iyakar gudunsa da ranar ƙarewar amfaninsa. Ɗaura babban faifai a kan ƙaramar giranda yana sa ya wuce iyakarsa, goga da gefen faifan yanka kuma yana tsaga shi. A zare soket kafin a canza faifai. Ƙarar giranda ta zarce desibel 85 na ma'aunin ƙara, wanda ake ɗauka a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na tsawon yinin aiki, don haka a toshe kunne.

Wane kaya ya dace a sa?

Auduga mai kauri ko jins, mai dogon hannu, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Rigar ƙwallo da sauran yadin roba suna narkewa su liƙe a fata, silifas kuma ba ya tare ɗigon ƙarfe. Kada a bar laita ko ashana a aljihu. Idan an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko baƙin mai.

Yaya ake kauce wa gobara?

Tartsatsi yana iya tafiyar mita 10, ya faɗa cikin katifa ko buhu ko silin ya yi ta ci a ɓoye. Kafin a kunna inji a duba kewaye: galan ɗin 'yan bumburutu, man janareta, soso, katako, busasshiyar ciyawa ta lokacin hunturu. Idan aiki a cikin kasuwa ne ko gidan mutane, a bar wani ya tsaya aƙalla rabin awa bayan an gama yana dubawa. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, kada a watsa ruwa a wutar fetur ko ta lantarki.

Ina so in kai ɗana koyon walda. Me zan duba?

Ka je shagon da kanka ka zauna na awa ɗaya kafin ka yi magana da maigidan. Ka duba ko yaran suna da garkuwar fuska tasu ko da hannu suke kare ido, ko igiyoyin wuta a rufe suke, ko giranda tana da murfi, da kuma yadda yake yi musu magana idan sun yi kuskure, domin yaron da yake tsoron tambaya shi ne yake ɓoye yoyon gas. Idan ka gamsu, ka saya masa garkuwa da safar fata da takalmi tun ranar farko, ka kuma nemi alƙawarin cewa ba za a sa shi yanka duro ko shiga tanki ba. In ya ƙware, ka ƙarfafa masa ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na 3 a haura zuwa na 1, ko ta hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, saboda kamfanoni da masu manyan kwangiloli sukan nemi takarda kafin su miƙa wa mutum holda.